Ƙafar Malam ta Hagu

Litinin, 4 ga Azumi, ƙarfe goma na safe

Auta ce ta ɗora min wannan aiki. Wai in nemi littafi in riƙa rubuta rana da lokaci, da abin da babanta ya ci, da yadda yake numfashi, in ta bugo waya in karanta mata. Ita tana can Kano tana aikin nas, an kulle gari, ba shiga ba fita. Ni Hansai mai kifi, da na shiga yaƙi da jahilci don kada wani ya riƙa karanta min wasiƙa yana jin sirrina, yau ga ni na zama akawu a gidan mijina.

To, ga shi nan. Malam ya sha koko rabin kofi. Zazzaɓi ya sauka tun shekaranjiya, tari ma da sauƙi. Kwanansa goma sha biyu a kwance. Haushin duniya ya ishe shi don an hana shi azumi.

Abu ɗaya ne bai dawo ba, hancinsa. Jiya na soya tarwaɗa na kai masa har gemu, ya ce bai ji komai ba. Mutumin da tun daga zaure yake faɗin irin kifin da ke cikin kaskona! Auta ta ce alamar Korona ce. Na ce mata Korona ta masu hawa jirgin sama ce, jirgin babanki na katako ne.

Laraba, 6 ga Azumi, bayan azahar

Yau ya taka har zaure. Ƙaninsa Yahuza ya zo, suka zauna suna maganar kogi kamar masu maganar budurwa. Yahuza ya ce ruwa ya ja baya sosai, kifin karfasa ta taru a gurbi tana jiran mai jefa ragar birgi. Malam ya ce, "Ka ce mata ta yi haƙuri, Juma'a mai zuwa ina nan tafe."

Na leƙa titi ta ƙofar gida. Tsit. Tunda aka kawo ni Wudil ban taɓa ganin hanyar nan ba mota ba. Da yanzu ina bakin gada, mai yana ƙara a kasko, direbobin Maiduguri suna miƙo hannu ta taga suna cewa Hajiya a ƙara yaji. Ga kaskon can a kife a bayan ɗaki, kaji sun mai da shi wurin hira.

Ya ci tuwo loma bakwai. Na ƙirga, tunda an ce in rubuta.

Juma'a, 8 ga Azumi, da hantsi

Ƙafarsa ta hagu ta kumbura. Daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, sharaɓar ta yi tauri tana sheƙi, in ka ɗora hannu zafi rau. Ya ce ji yake kamar an ɗaure ta da igiya ana ja.

Na karanta wa Auta. Ta ce, "Inna, ƙafa ɗaya ko biyu?"

Na ce ɗaya.

"Inna, ki saurare ni da kyau. Wannan cuta ba huhu kaɗai take taɓawa ba. Tana kurje cikin jijiyoyin jini, sai jini ya yi kauri ya dunƙule, ko bayan zazzaɓi ya tafi. Ina jin gudan jini ne a ƙafar Baba. Kada a gasa, kada a murza, kada ma a taɓa. In ya ɓalle, zuciya zai nufa. A kai shi asibiti yau ɗin nan."

Na ce, "Ke Khaulat," don in raina ya ɓaci sunanta na yanka nake kira, "ƙafar nan tun ba a san za a haife ki ba nake kula da ita. Ni za ki koya wa ƙafar masunci?"

Ta ce, "Don girman Allah, Inna."

Malam yana ji. Ya ce ba inda za shi. Kowa ya san labarin da ake yi a gari, wanda aka kai sai a killace shi, in ya cika baƙi ne za su binne shi, iyalinsa ko gawa ba sa gani. Ya ce shi a kan tabarmarsa zai warke ko ya mutu. Ban musa masa ba, don ni ma tsoron da ke raina ke nan.

Juma'ar dai, bayan la'asar

Kwanana shida a gidan nan uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta kira ni bakin murhu. Ta ce, "Hansai, ke 'yar manoma ce, ba ki san ruwa ba. Masunci wuni yake a tsaye cikin kogi, sanyi ta ƙafa yake shigarsa, jini ya kwanta. Aikin matarsa ta tashe shi." Ta nuna min yadda ake yi. Ruwan zafi da tsumma tukuna, a gasa sai fata ta yi laushi. Sannan man kaɗe, a sa manyan yatsu biyu, daga dunduniya a tura sama zuwa gwiwa, a kora jinin ya koma jiki. Kada a kuskura a yi ƙasa da shi.

Ranar farko kunya ta hana ni ɗaga kai. Shi kuwa ja'irin sai ya riƙa motsa ɗan yatsansa yana tsokanata. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar, shekara talatin da takwas. Ko mun yi faɗa ba ma magana, zai miƙo ƙafa ni kuma in ɗauko tsumma. A nan muka yanke shawarar sunan kowane yaro, a nan muke shiryawa in mun ɓata.

Ɗazu yana ta nishi yana cije leɓe. Ya dube ni, ya dubi murhu.

Ruwa dai na ɗora. Mutum ba ya ɗora ruwa a gidansa?

Asabar, 9 ga Azumi, ƙarfe tara na safe

Ya yi barci har da minshari, rabonsa da irin wannan tun kafin ciwon. Ya tashi yana cewa ƙafa ta saki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Auta ta bugo. Na ce da sauƙi sosai. Ta ce an kai shi asibiti? Na ce Yahuza yana neman mota. Ta ce, "Ba a dai taɓa ƙafar ba ko?" Na ce ba na jin ta da kyau, sabis ɗin Wudil sai a hankali.

Lahadi, 10 ga Azumi, bayan la'asar

Man kaɗe ya kusa ƙarewa.

Litinin, 11 ga Azumi, bayan magariba

Bari in rubuta.

Da hantsi ya tashi zai kewaya. Taku uku ya yi ya dafe ƙirji ya durƙusa. Bai yi ihu ba, bakinsa kawai yake buɗewa yana rufewa kamar kifin da aka jefa kan yashi. Gumi ya wanke shi, leɓensa ya canza launi. Na ce Malam! Malam! Ya riƙe zanena ya kasa magana.

Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi ba. Yahuza ya samo mota. Asibitin nan garin suka duba shi suka ce a wuce Kano. Auta ce ta riƙa yi wa masu shingen hanya magana ta waya har aka bar su suka wuce.

Ni an ce in zauna. Da za su ɗaga shi hularsa ta faɗi a zaure, ban lura ba sai da motar ta sha kwana.

Na sha ruwa da dabino ɗaya. Ban san wa zan rubuta wa abin da ya ci ba.

Talata, 12 ga Azumi, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yana asibitin da Auta take aiki, a ɓangaren da aka keɓe. An sa masa oksijin. Gwaji ya nuna cutar ce.

Auta ta yi min bayani a hankali, ba faɗa. Gudan jinin ya taso daga ƙafa, ya bi jijiya ya ratsa zuciya, ya je ya toshe hanyar jinin huhu. Yanzu zuciyar tana ta turawa ba hanya, ga shi dama cutar ta riga ta gajiyar da ita. Ana yi masa allurar tsinka jini.

Na ce, "Me ya tashe shi daga ƙafar?"

Ta ce, "Inna, kin ci abinci kuwa?"

Ma'aikatan lafiya sun zo da fararen kaya kamar masu cire zuma. Sun ce kwana goma sha huɗu kada in fita, kada a shigo. Maƙwabta suna ajiye kwano a bakin zaure su ƙwanƙwasa su gudu. Ban ga laifinsu ba, amma har da wadda na karɓi haihuwarta sau huɗu.

Alhamis, 14 ga Azumi, bayan azahar

Ba abin yi, sai tunani.

A ƙauyenmu Kausani Malam ya fara ganina, ranar da ya kawo kifi tallar ƙauye a bayan keke. Na taya, ya faɗi kuɗi, na ce wannan kifin tun jiya ya yi sallama da duniya. Ya ce yarinya bakinki ya fi barkono. Bayan kwana uku ya dawo da tarwaɗa mai rai a cikin bokiti, ya dire a ƙofar gidanmu, ya ce a gaya wa mai bakin nan ta zo ta tambayi wannan da kanta yaushe ta baro ruwa.

Ƙawayena har waƙa suka yi min, wai Hansai ta ƙi ƙanshin turare ta zaɓi ƙarni. Babana ya ce Gwadabe, wato Malam, yaro ne mai gaskiya, ko a ciniki ba ya rantsuwa, kuma gidan masunci ba a kwana da miya lami. Da aka kawo ni, da muka hau gada na rufe ido don tsoron ruwa. Shi ya koya min zama cikin jirgi, wata safiya da ba kowa, ya ce in daina kallon ruwa in kalli ƙeyarsa.

Yau na ɗauko rigarsa ta su na shinshina. Ƙarnin yana nan, ni hancina lafiya lau.

Asabar, 16 ga Azumi, da safe

Yadda yake jiya.

Lahadi, 17 ga Azumi, bayan la'asar

Wannan lokacin ne ya fi yi min wuya. Na share tsakar gida sau biyu, na wanke kwanukan da ba su yi datti ba. Tsumman nan na cusa shi cikin murhu.

Astagfirullah. Astagfirullah. Astagfirullah.

Litinin, 18 ga Azumi, ƙarfe goma na safe

Alhamdu lillahi! Auta ta ce ya zauna da kansa, ya sha shayi, har ya tambayi wani ma'aikaci ɗan wane gari ne. Ta ce jibi in ta shiga aiki za ta sa wayarta a leda ta kai masa mu gaisa.

Na shirya abin da zan faɗa. Ba dogon zance ba ne. Malam, yarinyar nan ta hana, na ƙi ji, na kuma ɓoye mata. Ka yafe min. Shi ke nan. Na maimaita shi ina tankaɗe, na maimaita ina alwala. Duk tsawon zamanmu ban taɓa fara ba shi haƙuri ba, kullum shi ke farawa, ko ni ce da laifi. Wannan karon ni zan fara ko da harshena zai tsinke.

Laraba, 20 ga Azumi, bayan azahar

An ba shi wayar.

Muryarsa ta yi siriri, kalma biyu sai ya tsaya ya ja numfashi. Ya ce, "Hansai. Kina lafiya?"

Na ce lafiya lau, ya jiki.

"Da sauƙi. Jirgina. An janye shi?"

Na ce wane jirgi?

"Damina ta kusa. Ruwa zai tafi da shi. Ki gaya wa Yahuza."

Wallahi ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce, "Kai yanzu fisabilillahi kana kwance da roba a hanci, ka bar mutane ba ci ba barci, jirgi ne damuwarka? Ruwan ya tafi da shi mana! Ruwan nan ba shi ya cinye maka ƙafafu ba?" Na yi ta yi. Ina jin sa yana wata 'yar dariya da tari a haɗe.

Ya ce, "Yauwa. Yanzu na san lafiyarki ƙalau."

Na buɗe baki zan faɗi abin da na shirya, sai na ji muryar Auta. "Inna, ya gaji, sai wani lokacin."

Kai, Hansai. Kai, wannan baki nawa. Allah ya ba ni dama a hannu na tsaya faɗa a kan katako.

Juma'a, 22 ga Azumi, da hantsi

An yi ruwan farko jiya da yamma. Ƙasa ta yi ƙanshi, ni kaɗai na shaƙa. Na ƙwala wa Yahuza kira ta kan katanga, ya ce tun shekaranjiya ya janye jirgin ya ɗaure a gindin giginya.

Auta ta ce numfashi ya koma baya. Zuciyar ta kumbura, bugunta ba daidai ba, sai ta yi sauri sai ta yi kamar ta manta. Na ce ba an tsinka jinin ba? Ta ce an tsinka, amma naman zuciyar ya wahala.

Na ce a ba shi waya, magana ɗaya zan yi. Ta ce sai ya ɗan farfaɗo.

Lahadi, 24 ga Azumi, bayan azahar

Na sake roƙo. Ba ya iya magana. Na ce to a kara masa a kunne ni in yi. Ta ce ba ita ke ciki ba yau, gobe in Allah ya kai mu.

Litinin, 25 ga Azumi, bayan la'asar

Wayarta a kashe.

Talata, 26 ga Azumi, da hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laraba, 27 ga Azumi, ƙarfe huɗu na yamma

A can aka yi masa sutura. Yahuza da mutum shida aka bari suka sallace shi, suna tsaye nesa da juna.

A garin nan in namiji ya rasu, kafin a fita da shi sai an ajiye makara a tsakar gida, a kira matarsa ta durƙusa a kansa ta yi masa addu'a, ta ce na yafe maka, ta nemi nasa yafiyar ko da ba zai amsa ba. Na raka mata da yawa wannan durƙuson, ni nake riƙe su in ƙafarsu ta kasa. Nawa tsakar gidan ba a ajiye komai ba.

Abin da muka guje wa asibiti saboda shi, shi ɗin dai ya same mu.

Jiya kwanakina goma sha huɗu suka cika. An ce yanzu ina iya fita, ga takaba ta zaunar da ni.

Lahadi, ranar Sallah, da safe

Ban je idi ba bana. Daga wani gida ina jin yara suna kabbara. Shi ne mai cewa tuwon sallata ya yi gishiri, kowace shekara, ko ban sa ba.

Ban dafa ba.

Alhamis, 5 ga watan Ƙaramar Sallah, bayan azahar

Auta ta zo. Ta rame, takunkumi ya yi mata shaida a kan hanci. Ta ƙi yarda in rungume ta, ta shimfiɗa tabarma can gefen rijiya, ni ina bakin ɗaki. Muka yi kuka daga nesa kamar baƙi.

Da muka natsa na ɗauko littafin nan. Na ce, "Ga aikin da kika sa ni. Amma akwai abin da ban rubuta ba."

Ta ce, "Na sani, Inna."

"Kin san me?"

"Ni na naɗe masa ƙafar wando ranar da aka kawo shi. Ƙafar tana ta naso da man kaɗe. A ƙanshin nan na girma, ko cikin takunkumi uku zan gane shi."

Na ce sau uku na yi. Juma'a, Asabar, Lahadi. Daga dunduniya zuwa gwiwa, da ƙarfina. Na ce, "Khaulat, ki dubi Allah ki gaya min gaskiya, ke ce mai ilimin. Ni na kashe shi?"

Ta ce, "Gudan jini yakan ɓalle in an murza. Yakan ɓalle ko ba a taɓa ba. Da an kawo shi ran Juma'a, wataƙila. Wataƙila kuma a'a, na ga waɗanda aka kawo da wuri suka tafi. Ba likitan da zai iya raba miki wannan, Inna. Ni ma kwana nawa ina tambayar kaina me ya sa ban taho da ƙafa na ɗauke shi ba."

Ni e ko a'a nake so. Ba ta ba ni ko ɗaya ba, kuma na san ba rowa ta yi min ba.

Sai ta ce, "Likita ya tambaya, a gabana. Ya ce an murza ƙafar nan? Baba ya janye robar hancinsa ya ce, ni na murza da kaina, matata ta hana ni na ƙi ji."

Na ce shi? Mutumin da shekara goma ciwon baya bai bar shi ya yanke farcen ƙafarsa ba?

"Likitan ma ya dube shi ya dube ni. Da ya fita Baba ya kama hannuna ya ce, abin da na faɗa shi za ki rubuta, shi kuma za ki riƙe. Kada ki tambayi uwarki komai."

Na tashi na shiga ɗaki, don ba na son ta ga fuskata.

Wa ya aike shi? Wa ya roƙe shi? Mutumin da ko a cinikin kifi bai taɓa cewa na yau ne alhali na jiya ne ba, sai da ya zo bakin tafiya, da azumi, da numfashin da bai ishe shi salati ba, ya tsaya yana shirga wa likita ƙarya saboda ni. Na kwana goma sha biyar ina haɗa kalmomin ba shi haƙuri, ashe tun ranar farko ya riga ni, kamar kullum. Yanzu da wane baki zan nemi gafarar wanda ya shaida a gaban mutane cewa ban yi komai ba?

Auta tana waje tana kirana in fito in ci abinci. Bari in rubuta wannan tukuna, da rana da lokaci yadda aka ce.

Ni na murza. An hana ni na ƙi ji.

Ƙaryar da ka yi na yafe maka, Malam. Tawa maganar kuma tana nan a bakina, sai mun haɗu.